Agadas: An Ƙirga Jama'a, Saura a Mayar Musu da Lissafinsu

Ranar 18 ga watan Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ƙididdiga ta Afirka. Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsayar da ita tun 1990, domin a wayar da kan jama'a game da amfanin alƙaluma a cikin tafiyar da ƙasa. A Nijar, Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato INS, ita ce ke jagorancin bikin. Ma'aikata su taru, a yi jawabai, a baje littattafai masu cike da lambobi, a watse. Abin tambaya shi ne: daga cikin abin da aka faɗa a wannan rana, nawa ne ke isa kunnen makiyayin da ke ban ruwa a rijiyoyin Ingal, ko mai garkar albasa a Tabelot, ko direban da ke bin hanyar Dirku? Waɗannan mutane kuwa su ne aka ƙirga, kuma da sunansu ake kasafin makarantu da gidajen likita da buhunan cimaka.

Ga abin da lambobin suka ce game da jihar Agadas. Faɗinta murabba'in kilomita 667,799 ne, wato fiye da rabin ƙasar Nijar gaba ɗaya. Ƙidayar jama'a ta watan Disamba 2012 ta sami mutum 17,138,707 a ƙasar, daga cikinsu 487,620 ke jihar Agadas. Ke nan a cikin kowane ɗari na ƴan Nijar, waɗanda ke zaune a wannan jiha ba su cika uku ba. A ƙidaya ta farko, ta 1977, mutanen jihar wajen 125,000 ne. Cikin shekara 35 sun ninka kusan sau huɗu, sun fi sauran ƙasar saurin ƙaruwa, saboda ma'adinan Arlit da Akokan da gawayin Anu Araren sun jawo baƙi daga kudu.

Idan aka raba yawan jama'ar da faɗin ƙasar, sai a ce kowane murabba'in kilomita bai kai mutum ɗaya ba. Lissafin daidai ne, amma babu wanda ke zaune a cikin wannan lissafi. Mutumin da ke neman gidan haya a birnin Agadas, inda aka ƙirga sama da mutum 110,000 a 2012, ya san gari a cike yake. Wanda ya ratsa Tenere kuma ya san ana kwana da kwanaki ba a ga ɗan Adam ba. Matsakaicin lissafi ya haɗa cunkoson birni da sararin hamada ya fitar da lambar da ba ta yi kama da ko ɗayansu ba. Ma'aikacin da ke zaune a Yamai, idan da wannan lamba kaɗai ya yi aiki, zai ga kamar gina makaranta a Abzin asarar kuɗi ce. Abin da lambar ke nufi a gaskiya shi ne kai malami ɗaya ko allura ɗaya ga mutumin Agadas ya fi tsada nesa ba kusa ba, tun da yake sai an bi shi.

Kafin a zargi jama'a da rashin fahimtar ƙididdiga, ya dace a duba abin da ƙirga ta jawo musu a tarihi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Agadas a watan Oktoba 1850, ya duba gidajen da ke da mutane da kangayen da aka bari, ya kimanta mazauna garin da wajen 7,000. Wannan kintace ne na baƙo mai wucewa, bai cutar da kowa ba. Ƙirgar da ta zo tare da mulkin Faransa daban take. Kwamanda yana ƙirga kawuna domin haraji, yana ƙirga bisashe domin jangali, yana ƙirga raƙuma domin a karɓe su a yi wa soja jigila. Karɓe raƙuman nan yana daga cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin Kawsan, wanda ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Bayan samun mulkin kai a 1960 ma, har zuwa ƙidayar 1977, yawancin abin da hukuma ta sani na yawan jama'a daga takardun haraji yake fitowa. Wanda kakansa ya rasa raƙumi saboda an rubuta shi a takarda, ba jahilci ne ke sa shi rage lissafin garkensa ba, darasi ne ya gada.

Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun koya wa jama'a wani darasi kishiyar na farko. A sansanonin da makiyaya suka taru bayan dabbobinsu sun ƙare, bisa yawan bakuna ake rabon hatsi. Nan ne aka gane cewa sunan da ya shiga takarda yana iya zama tiya guda ta gero. Tun daga lokacin ɗabi'u biyu suke tafiya tare a gida ɗaya: a rage bisashe idan an zo ƙirga dukiya, a ƙara mutane idan an zo ƙirga mabukata. Ga kuma al'ada. Mutane da yawa ba su son faɗin yawan ƴaƴansu ko dabbobinsu don tsoron kambun baka. Uwa tana jin kunyar ambaton ɗan fari. Jaririn da ya rasu kafin suna ba kasafai ake tuna wa mahaifiyarsa da shi ba, alhali kuwa da wannan tambaya ce ake auna mutuwar ƙananan yara. Ma'aikacin ƙidaya da aka horar cikin Faransanci, aka turo shi da takardar tambayoyi, idan bai san waɗannan abubuwa ba zai cika takardarsa tsaf, ya koma da kuskure a rubuce.

Ba kuwa lissafi ne ya gagari mutanen Abzin ba. Madugun da ke jan ayari zuwa Fashi da Bilma yana riƙe da yawan raƙuma, da kwanakin tafiya tsakanin rijiya da rijiya, da damman ciyawar da za a ajiye a hanya domin dawowa, da kantun gishirin da kowane raƙumi zai ɗauka, kuma kuskure kaɗan a wannan lissafi yana iya cin rai. Matar da ke awo a kasuwa ta san buhu mai kilo 100 yana ba da tiya wajen 40, ta kuma san ribarta kafin ta kwance bakin buhun. Abin da ya raba waɗannan mutane da ma'aikacin ƙididdiga shi ne ma'auni da harshe. Kuɗi ma kansa misali ne. Takardar hukuma tana rubuta 100, kasuwa tana cewa dala ashirin. Takarda tana rubuta 1,000, kasuwa tana cewa jika guda. Mai fassara a rediyo da ya karanta lambar takarda yadda take, ba tare da ya juya ta zuwa dala ko jika ba, yana iya sa mai sauraro ya ninka kuɗin sau biyar a ransa.

Ta fuskar tattara alƙaluma, ba za a ce hukumomi ba su haɗa kai ba. Dokar 30 ga Maris 2004 ce ta tsara aikin ƙididdiga a Nijar, ta kafa INS, tare da majalisar ƙasa ta ƙididdiga wadda ke haɗa ma'aikatu. Cibiyar tana da reshe a Agadas kamar sauran jihohi. Ƙidayar 2012 ta sami hannun Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a da na Tarayyar Turai, kuma ba ta yiwu ba sai da taimakon fadar Sarkin Abzin da shugabannin rukunonin makiyaya da masu unguwanni. Kafin nan, tsakanin 2005 da 2007, an yi babbar ƙidayar noma da kiwo tare da hukumar FAO da Tarayyar Turai, aka sami bisashe wajen miliyan 31 a ƙasar. A wannan aiki an nuna basira, domin maimakon a jira makiyayi a ofis, sai aka bi shi inda dole ya zo, wato bakin rijiya da mashaya. Akwai kuma tsarin gargaɗin gaggawa kan ƙarancin cimaka da aka kafa a 1989, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai wadda tun 1974 take auna ruwan sama da yabanya domin ƙasashen Sahel.

Sai dai duk wannan haɗin kai hanya ɗaya yake bi. Lamba tana tashi daga rijiya zuwa gunduma, daga gunduma zuwa Agadas, daga Agadas zuwa Yamai, daga can ta wuce Jeneba ko Roma ko Burusel. Da wuya ta juyo. Idan ma ta juyo, tana zuwa ne bayan shekara biyu ko uku, cikin littafi mai kauri, da Faransanci, a ajiye ta a kabad ɗin sakatare. Wanda aka tsayar rabin yini yana amsa tambayoyi bai taɓa jin abin da amsarsa ta zama ba. Da me za a roƙe shi ya faɗi gaskiya a karo na gaba?

Akwai wuri ɗaya da lamba ke komawa ga masu ita, kuma ya isa abin koyi. Shi ne farashin kasuwanni. Ma'aikatan da ke bin kasuwannin hatsi da na bisashe suna ɗaukar farashi mako-mako, a karanta shi a rediyo cikin harsunan ƙasa. Ba a taɓa buƙatar taron wayar da kai ba kafin makiyayi ya saurari wannan shiri. Dalili a fili yake: labarin yana zuwa da wuri, cikin harshen da yake ji, da ma'aunin da ya sani, kuma yana taimakonsa ya yanke shawarar ko ya kai ragonsa kasuwa a wannan mako ko ya dakata. Jihar Agadas ba ta noma hatsin da zai ci da ita, gero daga Damagaram da Maraɗi da Tawa yake zuwa, saboda haka tiya nawa akuya guda za ta saya lissafi ne da kowane gida ke yi ba tare da an kira shi ƙididdiga ba.

A gefe guda kuma ga lissafin ciyawa, wanda ma'aikatar kiwo ke fitarwa bayan kowace damina. Ana auna ciyawar da ta tsiro, a kwatanta da abin da bisashen ƙasa za su ci har damina ta zagayo. Ma'aunin da ake amfani da shi wata dabba ce ta lissafi mai nauyin kilo 250, kwatankwacin raƙumi guda, wadda ake ƙaddara tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a yini. A cikin wata tara na rani, cinta ya kusa tan 1.7. Idan aka sanar cewa an sami giɓin tan miliyan kaza, makiyayi ba ya ɗaukar komi daga ciki, domin bai taɓa auna makiyaya da tan ba. Da za a ce masa ciyawar yankin kaza za ta ƙare kafin wata kaza, da ya san ko ya rage garke tun dabba tana da daraja, ko ya yi kudu da wuri. Labarin ɗaya ne. Aikin juya shi ne ba a ɗora wa kowa ba, tun da ma'aikatar kiwo tana ganin nata ya ƙare da fitar da rahoto, gidan rediyo kuma yana karanta abin da aka miƙo masa.

Kada kuma a ɗauka talaka kaɗai ne ke tuntuɓe da lamba. Misali mafi girma da Agadas ta gani daga manyan ofisoshi ya fito. A watan Fabrairu 2016, Hukumar Ƙaura ta Duniya, OIM, ta fara ƙirga matafiya a wurare biyu, Arlit a kan hanyar Aljeriya da Sigidin a kan hanyar Libiya. A wannan shekara ta ƙirga sama da mutum 330,000 da suka nufi arewa. A tsakiyar shekarar ne aka fara aiki gadan-gadan da doka mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure, aka kama direbobi, aka tsare motoci. A watan Disamba 2016 sai Hukumar Tarayyar Turai ta ba da sanarwa cewa masu ratsa hamada sun ragu daga 70,000 a watan Mayu zuwa 1,500 a watan Nuwamba, ta nuna wannan a matsayin shaidar nasarar manufarta. A farkon 2017 aka gano cewa lambar Nuwamba kuskure ce da ta shiga rahoto. Ta gaskiya ta haura 11,000. Kafin a gyara, lambar farko ta riga ta zagaya majalisu da jaridun Turai.

Kuskuren rubutu abu ne da kan sami kowa. Wanda ya fi shi nauyi shi ne rashin tambayar me aka ƙirga. Ma'aikacin da ke tsaye a Sigidin yana ƙirga wanda ya bi ta gabansa ne kawai. Da doka ta tsananta, direbobi suka daina bin ayarin ranar Litinin da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku, suka riƙa kauce wa garuruwa da rijiyoyin da aka sani, abin da ya ƙara yawan masu halaka da ƙishirwa. Raguwar lamba a wurin ƙirga tana iya nufin matafiya sun ragu, tana iya nufin sun sauya hanya, kuma OIM da kanta ta yi wannan gargaɗi. Bugu da ƙari, da yawa daga waɗanda aka ƙirga ƴan Nijar ne masu zuwa ci-rani Libiya su dawo, ba masu nufin tsallaka teku ba. Kowane ɗan kamasho a tashar Agadas ya san wannan. Ba a tambaye shi ba, shi kuma bai ga rahoton ba balle ya ce an yi kuskure. An soke dokar a watan Nuwamba 2023, bayan ta shafe shekaru tana taɓa abincin dubban gidaje a jihar.

Wata matsalar ita ce tsufan lamba. Ƙa'ida ita ce a yi ƙidayar jama'a duk shekara goma. Nijar ta yi a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma 2022 ta wuce ba a yi ta biyar ba. A tsakanin nan jihar Agadas ta ga abubuwan da babu hasashen da ya hango su. A 2014 aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, dubban mutane suka kwararo daga ko'ina cikin ƙasar da Cadi da Sudan. A ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akuta bayan fiye da shekara arba'in yana aiki. Ga waɗanda ake korowa daga Aljeriya ta Asamaka. Lambobin da ake bayarwa na yawan jama'a bayan 2012 hasashe ne, wato an ɗauki tsohuwar ƙidaya an ɗora mata ƙaruwar da ake zato. Wannan hanya tana da amfani a jihar da mutane ke zaune wuri ɗaya. A jihar da gari ke iya tsirowa cikin wata uku a bakin ramin zinariya, ya wajaba duk mai ambaton lambar ya faɗa cewa hasashe ce. Jami'ai da yawa ba su yin haka, wasu ma ba su san bambancin ba.

Nan ne aikin ma'aikatar yaƙi da jahilci ya shigo, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika gayyatarta teburin ƙididdiga ba. Tun farkon shekarun 1960 take koyar da manya karatu da lissafi cikin harsunan ƙasa, kuma ƙungiyoyin sauraron rediyo da aka kafa a 1962 sun daɗe da nuna cewa manomi yana tattauna magana mai wuya idan an kawo masa ita yadda ya dace. Malamanta sun san yadda ake bayani. Binciken lafiya na 2012 ya ce mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6, na 2021 ya ce 6.2. Mai sauraro yana da hujja idan ya yi dariya, don ba a taɓa haihuwar ɗigon yaro ba. Malamin yaƙi da jahilci zai ce: mata goma, a da ƴaƴa 76, yanzu 62. Haka nan idan an ce jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, kamar yadda ƙidayar 2012 ta nuna, zai ce garin da ke da rijiya ɗaya yau zai buƙaci biyu kafin jaririn bana ya kai shekara ashirin. Binciken da ake yi wa gidaje kaɗan a yanke hukunci kan ƙasa duka, zai kwatanta shi da mai sayen gero da ke zura hannu cikin buhu, sama da tsakiya da ƙasa, kafin ya biya. Kowa ya san wanda ya duba saman buhu kaɗai shi ake cuta.

Abin da ya rage shi ne a daidaita kalmomi. Yau mai fassara a Muryar Sahel yana da tasa kalmar, na gidan rediyon gari yana da tasa, na Studio Kalangou, wanda tun 2016 yake shirye-shirye cikin Hausa da Tamajak da wasu harsunan ƙasa, shi ma yana da tasa. Wani ya ce ƙidaya, wani ƙididdiga, wani ƙiyasi, duk a kan abu ɗaya, alhali kuwa abubuwa uku ne mabambanta: ƙirga kowa da kowa, da tsara abin da aka ƙirga, da kintatar abin da ba a ƙirga ba. Reshen INS na Agadas yana da lambobi, ma'aikatar yaƙi da jahilci tana da harshe, gidajen rediyo suna da masu sauraro, Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 tana da ɗalibai ƴan asalin kwaruruwan Abzin da Kawar. Zama na ƴan kwanaki tsakaninsu ya isa a fitar da ƙaramin ƙamus na Hausa da Tamajak da Tubanci, wanda kuɗinsa bai kai na man motocin ƙidaya na mako guda ba.

Akwai magana guda da sarakuna da malaman addini suka fi ma'aikaci cancantar faɗa, ita ce ta sirri. Dokar ƙididdiga ta hana a yi amfani da amsar mutum domin haraji ko tuhuma. Mutumin da ya ga an tsare motar maƙwabcinsa ba zai yarda da wannan daga bakin baƙo mai riƙe da takarda ba. Zai fi yarda idan shugaban rukuninsa ne ya faɗa, shi ma shugaban ba zai sa bakinsa ba sai ya tabbata hukuma za ta cika alkawari, domin shi ne zai ci gaba da zama da mutanen bayan motocin ƙidaya sun tafi. Ya kamata kuma a gaya wa sarakunan kansu gaskiya cewa ƙara yawan talakawansu a takarda yana ɓata lissafin allurar rigakafi da na kujerun makaranta, har a kai kaya inda babu mutane a bar inda suke.

Jihar Agadas tana da gundumomi 6 da ƙananan hukumomi 15. Takarda guda ga kowace ƙaramar hukuma, mai ɗauke da yawan mutanenta da yaran da suka isa shiga makaranta da rijiyoyi da bisashe, da shekarar da aka ƙirga kowanne, a rubuce da boko da ajami da tifinag, abu ne da za a iya liƙawa a ƙofar magajin gari a kuma karanta a azuzuwan manya. Wurin fara karanta ta ma a shirye yake. Kowace shekara wajen watan Satumba makiyaya Abzinawa da Fulani suna haɗuwa a Ingal domin lasar gishiri, hukumomi kuma sun saba zuwa can da alluran dabbobi da jawabai. A ƙidayar bisashe ta 2005 zuwa 2007, irin waɗannan makiyaya ne suka tsaya a bakin rijiya aka ƙirga garkunansu.